Kare, Doki ko Yaro: Tarihin Jagoran Makaho

A Bader Goula, nan arewacin Dakoro, da wuya ka faɗi aikin da ba mu ɗora wa dabba ba. Sa da raƙumi ke jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi. Jaki ke kai ruwa gida, ya kai hatsi kasuwa, ya ja amalanke da mara lafiya zuwa likita. Kare ke tsaron garke da dare, ya bi mafarauci daji da rana. Aiki ɗaya na lura ba mu taɓa ba dabba ba, wato jan makaho. Wannan aikin yaro muke ba.

A Turai da Amurka kuwa kare ne ya yi suna da shi. Shi ya sa duk lokacin da zancen ya taso, tambayar da ke biyo baya ita ce: tunda mu kare ba ya shiga ɗakinmu, babu wata dabbar da za ta iya? Doki fa? Jaki fa? Wani zai ɗauke ta tambayar hira ce. Amma malamin da ya kira suna da safe ya tarar da gurbin yaro ba kowa, aka ce masa ai ya tafi jagora, ya san akwai nauyi a cikinta. Don haka na ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe, mu ga abin da dabba ta iya, da inda iyawarta ta tsaya.

Yadda kare ya sami aikin

Makafi sun daɗe suna yawo da karnuka. A kangon Herculaneum, garin da aman dutse ya binne a Italiya a shekara ta 79, an tono wani zanen bango da masana da yawa ke ganin makaho ne da karensa. A 1819 Johann Wilhelm Klein, wanda ya kafa makarantar makafi a Biyana, ya rubuta yadda za a horar da kare ya ja mutum. Amma abin bai zama tsari ba sai da Yaƙin Duniya na Farko ya mayar da dubban sojojin Jamus gida ba idanu, da yawansu saboda iska mai guba. A 1916 wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg.

A 1927 wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta ga irin wannan makaranta a Potsdam, ta rubuta labarin a wata mujallar Amurka. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, labarin. Ya rubuta mata wasiƙa, ya ƙetare teku a 1928, ya dawo da karya mai suna Buddy, ya tsallaka wani babban titin New York da ita a gaban ƴan jarida. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda ke aiki har yau. Ingila ta yaye karnukanta huɗu na farko a 1931, Afirka ta Kudu kuma ta kafa tata ƙungiyar a 1953.

Ya kamata mu fahimci mene ne aikin, don a nan amsar tambayarmu take. Kare bai san hanyar kasuwa don kansa ba, ba ya kuma karanta fitilar titi. Makahon ne ya san inda za shi, shi ke ba da umurni: gaba, dama, hagu. Aikin kare ya tsaya a bakin titi da matakala, ya kauce wa rami, ya auna faɗin ubangidansa da tsayinsa yadda ba zai bi da shi ƙarƙashin reshen da zai buge masa goshi ba. Mafi wuya duka, dole ya iya ƙin bin umurni. In an ce gaba, alhali mota na tahowa, sai ya toge. Dabbar da ba ta iya wannan ƙin ba, ba ta zama jagora ba tukuna.

Horon yakan ci kusan shekara biyu, tun daga renon kwikwiyo a gidan wasu masu sa kai har zuwa makonnin da ake haɗa shi da mai shi. Ƙungiyoyin Amurka sukan ƙiyasta kuɗin kare ɗaya a kan dalar Amurka dubu 50 ko fiye, wato wajen sefa miliyan 30. Bayan shekara bakwai ko takwas na aiki ya tsufa, a sake sabon lale.

Dokin da bai kai ɗan maraƙi ba

Gajartar ran kare na cikin abin da ya sa aka waiwayi doki. A 1999 Janet Burleson da mijinta Don suka kafa gidauniyar horar da dawakin jagora a jihar Karolina ta Arewa. Ba irin dawakin hawan salla ba ne. Wasu ƙanana ne ƙwarai, tsayinsu santimita 60 zuwa 86, nauyinsu kilo 32 zuwa 45. A 2001 suka miƙa wata goɗiya mai suna Cuddles ga wani makaho a jihar Maine, ta riƙa shiga da shi kanti da gidan abinci.

Dokin yana da abubuwan da ya fi kare. Yakan rayu shekara 30 ko fiye, ke nan guda ɗaya zai iya yin zamanin karnuka uku. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa. Ba ya bin wari ko kyanwa, kuma mai raunin ƙafa zai iya dafa shi. Ga wanda jikinsa ba ya jure gashin kare, ko wanda gidansu ba a yarda da kare, mafita ce. Wajen 2009 jaridun Amurka suka ba da labarin wata ɗaliba Musulma makauniya a jihar Mishigan, wadda iyayenta ba su amince kare ya zauna cikin gida ba, ta sami ƙaramar goɗiya mai suna Cali ta riƙa kai ta aiki da makaranta.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Kare asalinsa mafarauci ne, doki kuwa abin farauta, don haka in ya firgita gudu ne farkon abin da ke zo masa. Ba ya naɗewa ya kwanta ƙarƙashin kujerar mota. Yana bukatar fili da ciyawa da mai gyara kofato, kuma yakan bukaci fita bayan gida fiye da kare. Makafi da yawa masu amfani da kare sun soki abin tun farko. A Ingila, wani doki mai suna Digby da aka fara horarwa a 2018 don wani ɗan jarida mai tsoron kare ya girma ya fi ƙarfin aikin da aka nufa da shi, dole aka canza shawara.

Doka ma ta faɗi nata. Kafin 2011 dokar naƙasassu ta Amurka ba ta taƙaita irin dabbar ba, har mutane suka riƙa shiga wuraren jama'a da biri da aku da maciji suna cewa mataimakansu ne. Daga ran 15 ga Maris 2011 aka taƙaita sunan dabbar taimako ga kare, aka ware wa ƙaramin doki sashe na musamman: a bar shi ya shiga in wurin zai ɗauke shi. Daga farkon 2021 kuma kamfanonin jirgin sama ba su da tilas su ɗauki kowace dabbar taimako sai kare. Birai da aka fara horarwa a Boston a 1979 masu shanyewar jiki suke taimakawa, su miƙo musu ruwa ko su kunna fitila, ba makafi suke ja ba.

Amsar tarihi ke nan a taƙaice: e, dabba ɗaya bayan kare ta yi aikin, amma masu amfani da ita ƴan ƙalilan ne, har a ƙasar da aka ƙirƙiro abin.

Jakinmu fa?

Na san zuciyar mai karatu na Dakoro tana kan jaki, kuma yana da hujja. Jaki ya san hanyar gida da ta rijiya. Dattijon da idonsa ya mutu zai iya hawa daga gona ya sakar masa linzami, ya sauke shi a ƙofar gida. Abin da muke zaginsa da shi, taurin kai, shi ne ma ya fi kusa da halin jagora: in bai yarda da wuri ba sai ya kafe, ba ya zabura kamar doki.

Amma jaki kansa yake kiyayewa. Zai ratsa ƙarƙashin aduwa saboda shi ya wuce, ƙayar ta sami fuskar mahayi. Inda ya saba yake zuwa, ba inda aka nufa ba. In ya hango jaka ko ya ji warin dusa, tafiya ta canza. Ba zai shiga aji ko masallaci ko motar Maraɗi ba. Abin hawa ne mai amfani, kuma iyalin da suka saya wa makahonsu jaki mai sanyin hali sun yi masa alheri babba, amma ba a kira shi jagora ba. Raƙumi da sa sun yi girma, akuya da tunkiya garke suke bi.

Shi kansa kare, ba addini kaɗai ya hana shi aikin a wurinmu ba. A mazhabar Malikiyya ana ɗaukar dabba mai rai da tsarki, har da kare, kuma an yarda a ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. A 2008 wata majalisar malaman Musulunci a Ingila ta ba da fatawar da ta sa wani masallaci a Leicester ya keɓe wa karen wani saurayi makaho wurin jira yayin da yake salla. Abin da ya fi hana mu shi ne kuɗin horo, da rashin makarantar horon, da haukan kare da ke sa kowa ya ɗauki dutse in ya ga baƙon kare, da garuruwan da ba su da gefen titi na masu ƙafa, alhali a kan irinsa aka gina dukan horon.

Tarihin namu jagoran

Mu koma gida. Makafin ƙasar Hausa ba su zauna jiran kowa ba, sun daɗe da tsarinsu. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya tarar da unguwa guda cikin ganuwa ta makafi zalla. Ya yaba tsabtarta da ginin ɗakunanta, ya ce suna samun wani kaso daga mahukunta, suna kuma bara a kasuwa. Sarautar Sarkin Makafi tana nan har yau a Kano da Zariya da sauran birane, tana sasanta rigima, tana karɓar baƙo. Ta ma bi Hausawa zango: masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda makafi da guragu da kutare kowanne ke da sarkinsa. Makafi sun yi suna da tufkar igiya da haddar karatu da waƙa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, ya makance tun yana yaro, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Cikin wannan tsari duka akwai mutum ɗaya da tarihi bai cika rubuta sunansa ba: ɗan jagora. Shi ke riƙe da kan sanda a gaba, makaho na riƙe da gindinta a baya. Wani lokaci ɗa ne ko jika, sau da yawa ƴa mace, wani lokaci kuma ɗan wani ne da aka ɗauka a kan za a raba abin da aka samu. Ya fi kowane kare da kowane doki iya aikin. Yana magana, yana ƙirga canji, yana gane fuskar mai bayarwa, ba a kashe ko dala wajen horar da shi. Wannan arhar tasa ita ta hana mu neman wata hanya.

Amma arhar ta ido ce kawai. Yaron da ya fara jagora yana ɗan shekara shida, in ya kai goma sha biyar ya san kowace tasha tsakanin Dakoro da Maraɗi, bai san baƙi ba, bai iya noma ba, bai iya kiwo ba, sana'ar da ya gani kawai ita ce miƙa hannu. A da, da makaranta ba ta kai ko'ina ba, ana iya cewa bai rasa abu mai yawa ba. Yau lalura ɗaya tana cin rayuwa biyu. Ban faɗi haka don a zargi makaho ba. Mutumin da ba a koya masa tafiya shi kaɗai ba, ga rijiya ba baki, ga ƴan kabu-kabu, ga ƙaya, wa zai kama in ba jikansa ba?

Gunkin da ke Janeba

Duniya ta san wannan yaro, har ta yi masa gunki. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba akwai mutum-mutumin tagulla na yaro yana jan babban mutum makaho da sanda. Akwai irinsa a Bankin Duniya da Cibiyar Carter. An yi shi ne don tunawa da yaƙi da makantar kogi, cutar da wani ɗan baƙin ƙuda mai haihuwa a ruwa mai gudu ke yaɗawa. A wasu ƙauyukan bakin kogi na Afirka ta Yamma ta makantar da manya da yawa har mutane suka gudu suka bar gonaki masu albarka.

A 1974 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da ita a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar, hedkwatarsa a Wagadugu. Aka yi shekaru ana feshin magani daga sama a kan koguna don kashe tsutsar ƙudan. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta har sai an gama da cutar. Ran 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta katse yaɗuwarta, ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya.

Makantar kogi ta yankin Tilaberi ce, mu nan Dakoro ba mu da kogin da zai raya ƙudan. Namu masu kashe idon su ne agana, wadda aka kawar daga duniya a 1980, da ƙyanda in ta haɗu da yunwa, da yanar ido, da amosanin ido da wasu ke kira amodari, wanda ya daɗe yana addabar jihohin Maraɗi da Damagaram da Diffa. Darasin dai ɗaya ne. Abin da ya sako dubban yara daga kan sanda a wannan ƙasa shi ne allurar rigakafi da ƙwayar magani da wanke fuska da aikin ido. Yanar ido, wadda ta fi kowace cuta makantar da tsofaffi, ana cire ta cikin ƙasa da awa guda. Asibitin ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943, akwai kuma asibitin ido na Makka a nan Maraɗi. Dattijo nawa ne jika ke ja a ƙauyukanmu, alhali aiki ɗaya zai mayar masa da ganinsa, ya mayar da yaron aji?

Sandar da ake koya

Ga wanda idonsa ba zai dawo ba, tarihi ya bar mana abin da ya fi dabba araha. A 1931 wata Bafaranshiya, Guilly d'Herbemont, ta fara raba wa makafin Paris farar sanda don direbobi su gane su. A 1944 Richard Hoover, mai kula da sojojin Amurka da suka makance a yaƙi, ya tsawaita sandar, ya tsara yadda ake aiki da ita: tsayinta ya kai ƙirji, a riƙe ta a tsakiyar jiki, a riƙa kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗa, ta taɓa inda ƙafa za ta sauka kafin ta sauka. Ran 15 ga Oktoba ta zama ranar farar sanda. Ko a ƙasashen da ke da makarantun karnuka, mafi yawan makafi da sanda suke tafiya, kuma ba a ba mutum kare sai ya iya hanya da kansa.

Sanda ba baƙuwa ba ce a hannun makahon Bahaushe. Abin da ya rage shi ne koyarwa, da kuma yarda cewa zai iya. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, akwai makarantar Soly Abdourahamane a Yamai inda ake koyar da rubutun Braille, kamar yadda Najeriya ke da ta Gindiri tun 1953. Ƙungiyar Handicap International ta yi aiki a Maraɗi kan shigar da yara masu lalura cikin aji ɗaya da sauran yara. Duk da haka, daga Bader Goula waɗannan wurare da nisa, kuma yawancin aikin a hannunmu yake.

Ga malamai, abin da nake roƙo kaɗan ne. In yaro ya yawaita fashi, a bincika ko jagora yake yi, a je gidan da ladabi, ba da faɗa ba. A duba yaron da ke matso da allo kusa da hanci ko mai ido ja da kwantsa, a tura shi likita tun da wuri. In an kawo yaro makaho, a karɓe shi, a zagaya da shi makarantar ya taɓa ƙofa da bango da randa da hanyar bayan gida har ya haddace, a riƙa faɗin abin da ake rubutawa da baki. A koya wa ƴan aji yadda ake rakiya: ba a fizgar makaho, shi ke kama gwiwar hannun mai rakiya, yana baya da rabin taki.

Ga iyaye, kada tausayi ya sa a zaunar da yaro makaho a ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya koyi hanyar masallaci da kasuwa da sandarsa yana ƙarami ba zai bukaci ɗan wani ba in ya girma. A yi wa rijiya baki, a daina barin turmi da galma a tsakar hanya, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida in da bukata. Inda rakiya ta zama dole, kamar ranar kasuwa ko tafiyar Dakoro, a raba ta tsakanin manyan gida, a sa ta bayan an tashi daga makaranta, kada ta zama gadon yarinya ɗaya. Kafin a yanke komai kuma a tambayi makahon kansa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Watakila wata rana a horar da kare ko ƙaramin doki a Yamai ko Kano, kuma wanda ya samu zai amfana. Amma shekarar karatu ba ta jiran wannan rana. Kowane malami ya san gida nawa ne a garinsu ke da makaho, ya kuma san yaron da ke riƙe da kan sandar. A fara da rubuta sunayensu.